Jawabin Buɗe Ɗakin Binciken Ƙwayoyin Gadon Tsirran Ruwa

 

Kowa a nan ya san alfadari: uwa goɗiya, uba jaki, kallo ɗaya ka gane shi. Tsirran ruwa ma suna barbara tsakanin jinsi biyu ba da hannun mutum ba, amma ruwa-biyunsu ba ya nuna kansa haka. Ciyawa ɗaya takan yi siririn ganye a ruwa mai gudu, ta yi faffaɗa a tafki. Wasu ba sa yin 'ya'ya ma, saiwa kawai suke miƙawa cikin laka. Na sha baje irin wannan ganye a kan takarda, madubi a hannu, har magariba ban iya raɗa masa suna ba.

Wannan ɗaki zai raba gardama. A tsinki ɗan ganye kamar farce, a niƙa, a fitar da DNA. Wanda ke cibiyar ƙwayar halitta yana ɗauke da tambarin uwa da uba duka. Wanda ke cikin ƙwayoyin da ke ba ganye launin kore kuwa galibi daga uwa kaɗai ake gadonsa. Sai ka san iyayen, ka kuma san wace ce uwar.

Da irin wannan gwaji wasu masu bincike, Moody da Les, suka nuna a 2002 cewa wata ciyawar da ke shaƙe tafkunan Amurka ruwa-biyu ce, tsakanin baƙuwar da ta zo daga Turai da Asiya da 'yar gida. Haka kachalar da ta mamaye fadamun manyan tafkunan Arewacin Amurka, Typha × glauca, wadda ta fi iyayenta tsawo da ƙarfi.

Da na ce kachala, na ga mutanen Haɗeja da Nguru sun gyara zama. Tun bayan madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwa, ta toshe hanyoyin kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. 'Ya'yana ɗalibai, roƙona shi ne ganyen farko da za ku niƙa a nan ya zama nata. Ku shiga ruwan da kanku, masunta su nuna muku hanya, ku rubuta inda kuka tsinko kowane ganye.

Da sunan Allah nake buɗe wannan ɗaki. Allah ya sa albarka.