Saɓanin Mazhabobin Kirista a kan Ma'anar Mulkin Allah



Jama'ar Batsari da Safana, tun da yake mun daɗe muna cuɗanya da maƙwabtanmu Kirista a kasuwa da makaranta, alhali yawancinmu na zaton bakinsu ɗaya ne a kowace mas'ala, na ga ya dace in yi bayanin saɓanin malamansu game da abin da Linjila ta kira Mulkin Allah, wanda duk sun yi ittifaƙi shi ne jigon wa'azin Almasihu, amma suka rabu a kan tambaya guda: ya riga ya zo ne, ko kuwa jiransa ake yi?

Kashi na farko, wato Katolika, waɗanda Paparoma Francis ya yanka wa dayosis ta Katsina a 2023 ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, sun bi tawilin Agustin, shehin malamin nan na Arewacin Afirka da ya wallafa littafin Birnin Allah bayan an ci birnin Rum a shekarar 410. A wurinsa shekara dubun da aka ambata a sura ta 20 ta littafin Wahayi ba lissafin zahiri ba ne, kinaya ce ga zamanin Ikilisiya. Babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 kuwa ya fayyace cewa Ikilisiya mafarin mulkin ce kawai, kammalarsa sai ranar ƙarshe. Akasarin Angilika ma ba su yi nisa da wannan ba.

Kashi na biyu su ne masu riƙo da zahirin nassi, waɗanda ra'ayinsu ya yi ƙarfi ta hannun John Darby a Ingila da sharhin Scofield na 1909 a Amurka, suka ce duniya ba za ta gushe tana taɓarɓarewa ba har Almasihu ya komo ya yi sarauta shekara dubu a bisa ƙasa. Wannan fahimta ce ta rinjaya cikin 'yan mishan na ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta haifi cocin ECWA a 1954. Na uku su ne 'yan Fentikos, da ke ganin ikon mulkin yana bayyana nan take ta warkar da maras lafiya da korar aljannu, har waɗansunsu suka haɗa da wadatar dukiya, abin da sauran mazhabobi suke inkari a kai.

To, kada a ɗauka wannan jayayyar zaure ce kurum. Ku dubi manomin da ke bakin Dajin Rugu, wanda ya bar geronsa a tsaye saboda 'yan bindiga, ya sayar da shanun noma ya biya kuɗin fansa. Fadan Katolika zai ce da shi neman adalci da agajin ɗan gudun hijira aikin mulkin ne tun yau. Faston ECWA zai nuna masa alamomin ƙarshen zamani ya hore shi da haƙuri. Ɗan Fentikos kuwa zai kira azumi da addu'ar kwana. Amma fa aiki ba ya tsayawa inda aƙida ta tsaya, domin mutanen nan na SIM, da ba su tsammanin duniya za ta gyaru, su ne suka riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga, kan hanyar nan tamu ta zuwa Katsina, tun zamanin Sarkin Katsina Dikko, suna wanke gyambo da hannunsu.

Saboda haka, in kun ji Kirista ya yi magana a kan makomar duniya, ku fara tambayar cocinsa kafin ku ɗora wa dukkansu, kamar yadda ba ma yarda a jingina wa Bamalike fatawar Bahambale. Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya.