Kada Mu Kori Ɗanmu Daga Gida



A ƙauyukanmu na Gobir, irin su Unguwar Lalle, akwai samari waɗanda muryarsu, ko tafiyarsu, ko abin da ke zuciyarsu ya saɓa wa na tsararrakinsu. Akan kira su 'yan daudu, a yi musu ature, har uba ya kore su. A da, korarre yakan nufi Kano ko Maraɗi, ya rayu da dafa abinci a tasha. Yanzu kuwa hanyar kanta ajali ce. A watan Disamba na 1443 Hijira ba mu manta ba, watau 2021, 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni da Isa. Ga kuma dokar 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, wadda ta sa irin wannan yaro tsoron buɗe baki ko da a asibiti.

Saboda haka, in mun koma hutu, abu uku ya rataya a wuyanmu: mu saurare shi, mu rufa masa asiri, mu roƙi iyayensa kada su kore shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.