Ƙwayoyin da ido ba ya gani: me ya sa magani ke kashe wasu, ya bar wasu?

Yau hirarmu a kan ƙwayar halitta ce.

Ka dubi katangar gidanka. Daga nesa abu guda ce. In yaɓe ya zube, sai ka ga ashe tubali ne a kan tubali. To, haka jikinka yake. Haka jikin akuya, haka karan hatsi. Kowane mai rai an gina shi da ƙananan tubala masu rai. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ganinsu a ɓawon itace, a 1665. Ya ga sun yi kama da ƙananan ɗakuna.

Ƙwayar tsiro tana da ganuwa mai ƙarfi, kamar wadda Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ita. Ƙwayar mutum da ta dabba ba su da ganuwa, sai fata siririya. Ka riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa.

Akwai kuma halittar da duk jikinta ƙwaya ɗaya ce tak. Sunanta bakteriya. In an jera guda 1,000, da ƙyar su cika milimita ɗaya. Tana ci, tana girma, ta rabe biyu. Ba duka ne miyagu ba. Su ke sa nono ya yi tsami, mu dama fura. Amma wasu su ke kawo tarin fuka, da kwalara, da sanƙarau ɗin da ke yi mana annoba da rani.

Bakteriya ma tana da ganuwarta. Nan ne asirin maganin da ake kira antibiyotik. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, hana ta gina ganuwa yake yi, sai ta fashe. Mu kuwa ƙwayoyinmu ba su da ganuwa, don haka ba ya rushe su.

Sai birus. Shi ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya ci, ba ya girma. Ba ya ma iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar jikinka, ya sa ta yi ta ƙera masa ƴaƴa. Ƙyanda, shan inna da mura duk aikinsa ne. Ba shi da ganuwar da magani zai rusa. Saboda haka wanda ya sayi kafso wurin mai talla don mura, ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Ya kuma koya wa bakteriyar jikinsa jure magani, ranar da ake bukatarsa ya ƙi ci. Garkuwar ƙyanda da shan inna ita ce rigakafi.

Sanƙarau dabam ne. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ta fi kowa shan wuya. Wannan cutar tana da magani, amma tana da sauri. Tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Ƙwayar tana zama a maƙogwaro, tana bin tari da atishawa, ta fi yaɗuwa lokacin hunturu da bazara, inda aka cunkushe a ɗaki guda.

In yaronka ya yi zazzaɓi farat ɗaya, da ciwon kai, da amai, wuyansa ya sanƙare, kada ka jira gari ya waye. In jariri ne, ka duba maɗigarsa ko ta kumbura. Ka ɗauke shi zuwa gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.