Ina Akwatin Alkawari Yake?

Karatu: Irmiya 3:14-18, Ibraniyawa 9:1-28

Yau za mu yi magana a kan akwatin alkawari. Labarinsa yana ta yawo a wayoyin mutanenmu, har wasu masu wa'azi suna kawo shi cikin sujada, wai an riga an gano akwatin amma manyan duniya sun ɓoye.

Bari mu fara da Littafi Mai Tsarki. A Fitowa sura 25 Allah ya umarci Musa a yi akwati na katako, tsawonsa kamu biyu da rabi, a dalaye shi da zinariya ciki da waje. A cikinsa aka ajiye allunan dutse biyu na Dokoki Goma. Daga baya Sulemanu ya shigar da shi Wuri Mafi Tsarki a Haikali. Har zamanin sarki Yosiya ana maganarsa, kamar yadda 2 Tarihi 35:3 ya nuna. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu sojojin Babila suka ƙone Haikali. A 2 Sarakuna 25 an lissafta kayan da suka kwashe, har da tukwane da cokula, amma babu akwatin a lissafin. Tun daga nan mutane suke tambaya.

Ikkilisiyar Habasha ta ce yana wurinta, a garin Aksum, a wani ƙaramin ɗaki kusa da majami'ar Maryamu ta Sihiyona. Mutum ɗaya ne yake gadinsa, ba a kuwa yarda kowa ya shiga. Bisa ga al'adarsu, Menelik ɗan Sulemanu da sarauniyar Sheba ne ya kai shi can. Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka ba.

Wasu kuma suka nufi Urushalima da diga da shebur. Wani Bature ɗan Ingila, Montagu Parker, ya yi ta haƙa daga 1909 zuwa 1911. Da ya gaji, sai ya ba masu gadi toshiya, ya shiga harabar masallacin Ƙudus da dare yana tono. Aka gan shi, gari ya rikice, ya gudu da jirgin ruwa hannu wofi. A 1981 wani malamin Yahudawa, Yehuda Getz, ya buɗe wata tsohuwar hanya da ta bi ƙarƙashin dutsen Haikali. Faɗa ya tashi tsakanin Yahudawa da Musulmi, hukuma ta sa aka toshe wurin. Har yau akwai masu cewa an toshe ne domin an kusa kai ga akwatin. Amma duk wanda ya san Urushalima ya san tonon rami ɗaya a wurin nan ya isa jawo zubar da jini. Wannan dalili a fili yake.

Labarin da ya fi shiga gidajenmu shi ne na Ron Wyatt, wani ma'aikacin asibiti ɗan Amurka. Ya ce a watan Janairu na 1982 ya ga akwatin a cikin kogo kusa da Kabarin Lambu, wurin da masu ziyararmu daga Nijeriya suke zuwa addu'a. Ya ce jinin Yesu ya bi ta tsagar dutse ya ɗiga a kan murfin akwatin. Shi ne kuma ya ce ya gano jirgin Nuhu, da ƙafafun karusan Fir'auna a Jan Teku. Ya rasu a 1999 bai nuna wa duniya akwatin ba. Masu kula da Kabarin Lambu, waɗanda su ma Kirista ne, sun ce ba su ga wata shaida ba.

Ɗan'uwana, lura da yadda irin wannan magana take tafiya. In ka ce a nuna maka, sai a ce gwamnati ta hana. In masana suka ƙi yarda, sai a ce an saye su. Rashin shaida ya zama shaida ke nan. Gaskiya ne gwamnatoci sukan ɓoye abubuwa, mun sani. Amma labarin da ba a iya gwada shi ta kowace hanya bai kamata a hau da shi bagade ba. Yaron da aka gina bangaskiyarsa a kan bidiyo, ranar da malaminsa a jami'a ya nuna masa ƙarya ce, yana iya zubar da bidiyon tare da bisharar.

Isra'ilawa ma sun taɓa dogara ga akwatin. A 1 Sama'ila sura 4 suka ɗauke shi zuwa yaƙi kamar laya, zukatansu kuwa nesa da Allah. Mutum 30,000 suka mutu, 'ya'yan Eli biyu suka mutu, Filistiyawa suka tafi da akwatin. Irmiya kuma, wanda ya ga faɗuwar Urushalima da idonsa, ya yi annabci cewa lokaci yana zuwa da ba za a ƙara ambaton akwatin ba, ba za a yi kewarsa ba, ba kuwa za a ƙera wani ba.

Maganar jinin da ya ɗiga a kan murfin tana taɓa zuciya, na sani. Amma Ibraniyawa sura 9 ta koya mana cewa Almasihu bai shiga wuri mai tsarki da hannun mutum ya gina ba. Sama kanta ya shiga, da jininsa, sau ɗaya tak. Ambato na ƙarshe na akwatin alkawari yana cikin Wahayin Yahaya 11:19, can ma a Haikalin Allah na sama Yahaya ya gan shi.

A shiri na gaba za mu duba macijin tagulla da Musa ya yi, da dalilin da ya sa sarki Hezekiya ya farfashe shi. Kafin nan ku karanta Littafin Ƙidaya 21:4-9 da 2 Sarakuna 18:1-6 tare da iyalinku.