Lasisin Manajan Benen Haɗaka a Jihar Florida

 

A Amurka akwai benen da mutum ke sayen sashe guda a cikinsa ya zama nasa halak malak, amma rufi da ginshiƙai da matattakala da wurin ajiye motoci na kowa ne. Masu gidajen suna da ƙungiya, suna zaɓen kwamiti, kwamitin kuma ya ɗauki manaja ya riƙa karɓar kuɗin hidima, yana tsara kasafi, yana kiran masu gyara. A jihar Florida, idan sassan da ƙungiya ke kula da su sun haura 10, ko kasafinta na shekara ya wuce dala 100,000, duk wanda zai yi wannan aiki a biya shi sai da lasisin hukumar jihar mai kula da sana'o'i, wato DBPR. Zai yi kwas na sa'o'i 16, a ɗauki zanen yatsunsa, ya ci jarrabawa.

Samun lasisin ba shi ne maganata ba yau. Riƙe shi ne.

Lasisin yana ƙarewa ranar 30 ga Satumba na kowace shekara mai lamba cika, kamar 2024 da 2026. Kafin a sabunta, manaja sai ya yi sa'o'i 15 na ƙarin ilimi: sababbin dokoki, inshora da sarrafa kuɗi, kula da ginin kansa, da mu'amala da mutane. Wani zai ce sa'o'i 15 cikin shekara biyu ai wasa ne. Ni ma ina ganin sun yi kaɗan. Amma ku saurari abin da ya faru, sannan ku auna.

Da tsakar daren 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South da ke Surfside, kusa da Miami, ya rufta. Bene ne mai hawa 12 da aka kammala a 1981. Mutum 98 suka rasu. Tun a 2018 wani injiniya ya rubuta wa ƙungiyar rahoto cewa kankaren da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninƙaya ya yi mummunar lalacewa, saboda ruwa na ratsa shi. Aka yi ta kai-komo a kan kuɗi. Sai a 2021 aka amince masu gidajen su haɗa kimanin dala miliyan 15, ginin kuwa bai jira ba. Ba na ɗora laifin a kan wani mutum. Wannan aikin masu bincike ne. Abin da ya shafe mu shi ne yadda doka ta juya bayan nan.

A 2022 majalisar jihar ta wajabta cewa duk benen haɗaka mai hawa uku zuwa sama, injiniya ko masanin zanen gini ya duba lafiyarsa idan ya kai shekara 30, ko 25 idan yana cikin mil uku daga gaɓar teku. Ta kuma wajabta a riƙa ƙididdige kuɗin da za a tanada don gyaran rufi da ginshiƙai da makamantansu duk shekara 10, ta kuma toshe tsohuwar ɗabi'ar masu gidaje ta jefa ƙuri'a su yafe wa kansu wannan ajiya. A 2023 aka gyara dokar: maganar shekara 25 ta koma hannun ƙananan hukumomi, su duba yanayin wurinsu. A 2024 aka zo kan manajoji kai tsaye: idan kwantiragi ya ƙare, manaja ya mayar wa ƙungiya takardunta cikin kwanakin aiki 20, kuma idan yana da wata maslaha a kamfanin da za a ba aiki, ya bayyana. A 2025 aka sake taɓa dokar, aka ɗaga wa'adin ƙididdigar ajiya zuwa ƙarshen shekarar.

Shekara huɗu a jere ke nan. Manajan da ya haddace dokar 2022 ya rufe littafi, kafin shekara ta zagayo shawararsa ta zama kuskure, alhali lasisinsa na rataye a bango bai ƙare ba. 'Yan kwamiti kuwa galibi 'yan sa-kai ne, wani ɗan fansho, wata malamar asibiti, abin da manaja ya gaya musu shi za su bi. Don haka a ganina wanda ya jira watan Satumba ya tattara sa'o'insa cikin mako guda a intanet ya cika sharaɗin hukuma, amma bai sauke nauyin mutanen da ke kwana a ginin ba.

Sai dai kada mu ba lasisi ƙarfin da ba shi da shi. Manaja ba ya iya tilasta wa masu gidaje su fitar da kuɗi. Abin da iliminsa ke ba shi shi ne ya san abin da doka ta ce yau, ya faɗa a gaban taro ko ba a so, ya sa a rubuta a kundin zama.

Ku ɗalibai masu nazarin kula da gidaje da za ku fita aiki a Kano ko Abuja, inda rukunin gidaje masu biyan kuɗin hidima ke ƙaruwa, kuna da hukumarku ta rajista, ESVARBON, wadda aka kafa da dokar 1975. Ku biya kuɗin sabuntawa a kan lokaci, ku halarci tarukan ƙarin ilimi da kanku, kada ku aika a sa muku hannu. Masu gidaje kuma, kafin ku damƙa wa wani kuɗinku da makullanku, ku nemi ganin rajistarsa, ku duba kwanan watan da ke jiki.