Waƙa da Iyakar Ƙasa: Daga Ƙasar Pashtun zuwa Damargu

A shekarar 1893 Turawan Ingila suka shata layin Durand, wanda ya raba Pashtunawa gida biyu, wasu a Afganistan, wasu a yankin da ya zama Pakistan a 1947, kuma tun daga lokacin waƙar harshen Pashto ta zama rumbun da al'ummar ke adana sunanta da tarihinta. Mawaƙi Ghani Khan, ɗan jagoran Pashtunawa Abdul Ghaffar Khan, ya shafe kusan shekara shida a tsare bayan kafuwar Pakistan, ya kuma ci gaba da tsara baitoci a can, bisa turbar Khushal Khan Khattak, wanda ya yaƙi sarki Aurangzeb da takobi da alƙalami a ƙarni na 17.

Mutanen Tanut da Belbeji, a ƙasar Damargu ta Nijar, sun san irin wannan labari a gida. A Damargu aka haifi Kawsan wajen 1880, Ba'abzine daga Ikazkazan, wanda ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917. Da aka murƙushe boren, baitocin Tamajak, harshen Abzinawa, su suka riƙe labarinsa a zango da bakin rijiya, domin takardun mai mulki ɗan tawaye kawai suka kira shi. Bayan samun mulkin kai iyakoki suka rarraba Abzinawa tsakanin Nijar, Mali, Aljeriya, Libiya da Burkina Faso, sannan farin 1973 da na 1984 suka ƙarar da dabbobi, suka kora samari ci-rani. Su ne ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi, kuma su suka ɗora tsohuwar waƙar kewa, wato asuf, a kan jita. Bayan kisan da aka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a Mayun 1990 hukumar Nijar ta haramta kaset-kaset ɗin mawaƙi Abdallah ag Umbadugu, amma suka ci gaba da yawo hannu da hannu har zuwa yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen Abzinawa ta 24 ga Afrilun 1995.

Bindiga ba ta haifar wa Damargu alheri ba, kuma harin da mayaƙan ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ suka kai Tanut a Janairun 2008 shaida ne. Sai dai kuskure ne babba a ɗauki mawaƙi da mayaƙi abu guda, domin abin da baitocin ke nema tun farko shi ne a san da harshen da masu shi. Wannan batu ya dawo ƙofar Bahaushe, tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya jera Tamajak cikin sauran harsunan da ake magana da su. A kasuwar Belbeji da Hausa makiyayi Ba'abzine ke cinikin raƙumi, da Faransanci ɗansa ya fara karatu, amma baitocin kakanninsa har yanzu a bakin tsofaffi da cikin wayoyin samari aka fi samunsu, waɗanda aka rubuta a littafi ba su da yawa.