Gidan Haya a Ingila: Tsakanin Fitar Wani da Shigar Wani

A ƙasar Ingila, in ɗan haya ya kwashe kayansa ya mai da makulli, mai gida ba ya son gidan ya daɗe a rufe, domin kowane mako da ya wuce hasarar kuɗin haya ne. Saboda haka galibi sai a yi gaggawar share gida, a wanke tagogi, a shafa sabon fenti, dillali ya ɗauki hotuna. Amma fa wannan 'yar tazarar ita ce kaɗai lokacin da za a iya duba gida ciki da bai, babu gado ko kabad da ya tare bango. Abubuwan da ke halaka mutum a gida kuwa ba su cika fitowa a hoton dillali ba.

Na farkonsu danshi ne. Ingila ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama, jama'a kuma sukan rufe tagogi a lokacin hunturu. Tururin girki da na wanka da na shanyar tufafi sai ya kwanta a bango mai sanyi, daga nan baƙar funfuna ta tsiro a kusurwoyi da bayan kabad. Mai gida marar haƙuri yakan bi ta da fenti, bayan 'yan makonni ta sake ɓullowa. Gyaran gaskiya shi ne a nemo tushen danshin, ko rufi ne ke yoyo, ko bututu ya tsage a cikin bango, ko kuwa ɗakin wanka ba shi da fankar fitar da tururi.

Wannan magana ta daina zama ƙarama tun daga watan Disamba na 2020, sa'ad da wani yaro mai shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a garin Rochdale kusa da Manchester. Iyayensa mutanen Sudan ne. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kukan funfunar da ke gidansu, aka ce masa ya shafe ta da fenti. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da yaron ya yi yana shaƙar funfuna ce ta lalata masa numfashi. An yi doka da sunansa, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2025 a kan gidajen ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin samar da gidaje. Ta wajabta a bincika ƙarar danshi mai haɗari cikin kwanakin aiki 10.

Sai kuma ruwa. Mai sauraro zai yi mamakin jin cewa gidan da babu kowa yana iya ɓata ruwan famfonsa. Ruwan da ya kwanta a bututu, in ɗuminsa yana tsakanin digiri 20 da 45 a ma'aunin santigireti, wuri ne mai daɗi ga ƙwayar cutar da ake kira Lijiyonela. Ta sami sunanta ne daga wani taron tsofaffin sojojin Amurka da aka yi a birnin Filadalfiya a 1976, inda ciwon huhu ya kama mahalarta da dama. Ba ta shan ruwa ake ɗaukarta ba, ta shaƙar feshinsa ne, kamar a wurin wanka. Don haka ake ba da shawarar a riƙa buɗe kowane famfo aƙalla sau ɗaya a mako muddin gida yana rufe, a kuma ajiye ruwan zafi a digiri 60. In da hunturu ne akwai wata damuwar: ruwa yakan daskare ya fasa bututu, ranar da ƙanƙarar ta narke gida ya cika da ruwa.

Gas da lantarki doka ta riga ta yi musu iyaka. Bisa dokar 1998 wajibi ne ma'aikaci mai rajista ya duba kayan gas kowace shekara, a kuma ba sabon ɗan haya takardar shaida kafin ya tare. Tun 2015 dole a sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa na gida, a gwada ta a ranar da haya ta fara. A 2022 aka faɗaɗa dokar ƙararrawa ta biyu, mai jin wata iskar guba marar launi marar wari da ke fita daga tukunyar ɗumama gida in ta lalace. Wayoyin lantarki kuwa, bisa dokar 2020, ana duba su duk shekara biyar.

Abu na ƙarshe takarda ce, kuma a nan ne baƙi, musamman ɗalibai, suka fi cutuwa. Kafin a ba da makulli akan rubuta halin da kowane ɗaki yake, da tabon da ke jikin kafet, da tsagar da ke jikin gilashi, a haɗa da hotuna. Da wannan takarda ake yin hukunci ranar fita in gardama ta tashi a kan kuɗin ajiya. Tun 2007 doka ta sa a ba da kariya ga kuɗin nan ta hanyar wani tsari da gwamnati ta amince da shi, yanzu cikin kwana 30, kuma tun 2019 bai wuce hayar mako biyar ba a yawancin gidaje. Ɗan hayar da ya sa hannu bai zagaya gidan da takardar a hannunsa ba, yana iya biyan ɓarnar wanda ya riga shi. A ranar tarewa akan karanta mitar gas da ta lantarki da ta ruwa a gaban juna, a rubuta lambobin, sa'an nan a ƙirga makullai.